Kakakin Fada da Ƙahon Faransa: Amsar Wasiƙa Daga Lafiya

 A wannan mako za mu ajiye zancen kasuwa da na siyasa a gefe, domin wata wasiƙa da ta iso wannan fili daga Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ta ja mu zuwa wani fagen da ba mu cika shiga ba. Mai wasiƙar malami ne a wata makarantar sakandare, shi ne kuma aka ɗora wa nauyin 'yan badujalar makarantar. Ya ce tsofaffin ɗalibai sun yi karo-karo sun sayo musu kayan busa na gwanjo, a ciki har da wani abu mai kama da macijin da ya naɗe, yana da baki mai faɗin tasa, da maɓallai uku a jere, da na huɗu a inda babban yatsa ya ke zama. Yara sun gwada sun gaji, in sun nufi wannan murya sai waccan ta fito, har malamin ya fara tunanin kulle shi a sito. Tambayarsa ita ce, mene ne aikin maɓallin nan na huɗu, yaushe a ke danna shi, kuma ko abin ya cancanci wahalar da za a sha a kansa?

To, Malam, kada ka kulle shi. Abin da aka kawo muku shi ne ƙahon Faransa, kuma irin mai hanya biyu, wanda ya ke cikin mafi tsada da mafi wuyar sarrafawa a dukkan kayan busa na tagulla. Amma kafin mu ƙetara ƙasar Turai, gara mu fara daga ƙofar fadar garinku, domin rabin amsar tambayarka tana can.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a Lafiya ya ji yadda kakaki ya ke tsaga iska sa'ad da Mai Martaba Sarki zai fito. Ba jiya aka fara ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. A Barno kuwa, inda Dunama da jama'arsa suka fito har garin ya sami sunan Lafiyar Barebari, Baturen nan Denham da ya isa Kukawa cikin 1823 ya rubuta labarin dogayen abubuwan busa na itace da a ke busa wa Mai. Saboda haka ta kowane ɓangare ka bi asalin sarautar Lafiya, za ka tarar da dogon bututu yana gaban sarki. Haka aka yi wa marigayi Alhaji Isa Mustafa Agwai, haka kuma a ke yi wa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad da ya gaje shi cikin 2019.

Ka dubi kakakin nan da kyau. Ba shi da rami ko ɗaya da za a toshe da yatsa kamar algaita ko sarewa, ba shi da maɓalli. Bututu ne kawai na ƙarfe, gaɓa biyu ko uku da a ke haɗawa. Duk da haka mabushi yana fitar da murya biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma da su ya ke yi wa sarki kirari, tun da ya ke harshenmu ma da hawa da saukar murya ya ke rarrabe kalmomi. Daga ina murya ta biyun ta fito? Daga leɓe. Leɓɓan mabushi su ne su ke karkarwa a bakin bututun, in ya sassauta su sai muryar ƙasa ta fito, in ya ɗaure su ya ƙara ƙarfin iska sai ta yi tsalle zuwa ta sama. Kuma tsalle ne ta ke yi, ba ta tafiya sannu a hankali, domin kowane bututu yana da muryoyin da tsawonsa ya yarda da su, ba ya karɓar abin da ke tsakaninsu.

Masana ilmin sauti sun jera waɗannan muryoyi kamar matakan tsani, na 1, na 2, na 3, har zuwa na 16 da abin da ya fi. Sai dai tsanin nan ba irin na magina ba ne. Matakansa na ƙasa suna da tazara mai yawa, amma da ka yi sama sai su riƙa matsuwa. In muka auna da rabin taki, watau tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa a jikin piyano, daga mataki na 2 zuwa na 3 akwai rabin taki 7. Daga na 8 zuwa na 9 saura 2 kacal. Daga na 15 zuwa na 16 kuwa kusan 1 ne tak. Mai kakaki yana zaune ne a matakan ƙasa, inda ƙafa ba ta zamewa. Mai ƙahon Faransa aikinsa na kullum yana tsakanin mataki na 4 da na 16, inda ɗan motsin leɓe kamar ƙiftawar ido ya isa ya jefa shi kan muryar da bai nufa ba. Wannan ne ya sami yaranka, kuma yana samun gwanaye a manyan biranen duniya, a gaban dubban mutane.

Asalin ƙahon nan na farauta ne. Sarakunan Faransa da fadawansu su kan fita daji bisa dawaki, sai aka naɗe dogon bututun ya zama zobe don mahayi ya rataya a kafaɗa. Daga nan ya shiga ƙungiyoyin makaɗa, amma Jamusawa ne suka yi mafi yawan aikin gyara shi, shi ya sa ƙungiyar mabusansa ta duniya ta ba da shawara tun 1971 a daina jingina shi ga Faransa, a ce masa ƙaho kurum. A ƙasarmu in ka ce ƙaho kurum sai a kawo maka na gwanki ko na wanzami, don haka mu dai za mu bar wa Faransa sunanta.

Shekaru da dama ƙahon ba shi da maɓalli, tamkar kakaki. In waƙa ta sauya gida sai mabushi ya zare wani guntun bututu ya sa wani mai tsawo daban. Wajen 1750 wani mabushi a birnin Dresden mai suna Hampel ya shahara da dabarar cusa hannun dama cikin faffaɗan bakin, yana rufewa yana buɗewa don ya samo muryoyin da ke tsakanin matakai. Da irin wannan ƙaho abokin Mozart mai suna Leutgeb ya busa kiɗe-kiɗen da Mozart ya tsara masa. Har yau hannun dama yana nan cikin bakin, shi ya sa maɓallan su ke a hannun hagu, abin da ya kan ba masu bigila mamaki. Cikin 1818 wasu Jamusawa biyu, Stolzel da Bluhmel, suka sami takardar mallakar fasahar bawul. Aikin bawul shi ne ya karkatar da iska ta bi wani ƙarin lanƙwasa kafin ta koma hanya, watau ya ƙara wa bututu tsawo nan take. Maɓalli na 2 yana saukar da murya da rabin taki 1, na 1 yana saukar da ita da 2, na 3 kuma da 3. In ka haɗa su kana da tsani 7 a hannu ɗaya maimakon guda.

Sai gardama ta tashi a kan tsawon da ya kamata uwar bututun ta kasance. Wasu suka riƙe mai ƙafa 12, wanda a ke kira F, saboda kaurin muryarsa da taushinta. Wasu, musamman masu busa muryoyin sama, suka koma mai ƙafa 9, wanda a ke kira B-filat, saboda ya fi aminci. Dalilin amincin lissafi ne kawai. Muryar C ta can ƙololuwa mataki na 16 ce a doguwar hanya, maƙwabciyarta tana manne da ita. A gajeruwar hanya kuwa wannan muryar dai ita ce mataki na 12, kuma maƙwabtanta sun ɗan ja baya. Kamar mai harbi ne da aka faɗaɗa wa abin bara. Cikin 1897 masana'antar Kruspe da ke Erfurt a Jamus, tare da wani mabushi Edmund Gumpert, ta raba gardamar da ƙera ƙaho ɗaya mai ɗauke da hanyoyin duka biyu, aka sa bawul na huɗu a ƙarƙashin babban yatsa don ya zaɓi wadda iska za ta bi. Masana'antar Alexander ta Mainz ta fito da nata samfurin mai lamba 103 cikin 1909, har yanzu kuma ana ƙera shi. Wannan shi ne maɓallin da ka yi tambaya a kansa. Ka kuma lura, in da za a warware gajeruwar hanyar a miƙe ta, ba za ta yi nisa da tsawon kakakin fada ba.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka gano inda ƙahonku ya ke tsaye in ba a taɓa babban yatsa ba. A Amurka al'ada ita ce ya tsaya a F, dannawa ta kai shi B-filat. A wurare da yawa na Turai akan juya abin. Tun da ya ke na gwanjo ne, kowanne yana iya zama. Ka duba bayan maɓallan za ka ga lanƙwasassun bututu sahu biyu, dogaye a sama, gajeru a ƙarƙashinsu. Ka zare dogon na maɓalli na 1 gaba ɗaya, ka danna maɓallin, ka hura ba tare da taɓa babban yatsa ba. In iska ta tsere ta wurin da ka zare, ƙahon a F ya ke tsaye. In ba ka yi wannan gwaji ba, duk jadawalin yatsu da za ka ba yaro zai iya zama a juye, ku yi wata guda kuna zargin leɓensa.

Yanzu ga babbar tambaya, ina a ke sauya hanya? Abin da aka fi koyarwa shi ne, yaro ya zauna a doguwar hanya har zuwa muryar G da a ke rubutawa a layi na 2 na takardar kiɗa, daga rabin taki sama da ita kuma ya danna babban yatsa ya ci gaba a gajeruwa. Malamai da yawa su kan faɗi wannan kamar doka, ba su bayyana dalili ba, alhali dalilin shi ne abin sha'awa. Daga wannan wuri zuwa C da ke sama, muryoyi 5 ne a jere, kuma yatsun da a ke dannawa iri ɗaya ne a hanyoyin biyu: 2 da 3, sai 1 da 2, sai 1, sai 2, sai a saki duka. Watau akwai wata 'yar gada inda hanyoyin suka haɗu, mabushi yana iya ƙetarewa ba tare da sauran yatsunsa sun san an yi ba. Ita kuwa G ɗin kanta an bar ta a doguwar hanya ne domin a can mataki na 6 ce, ba ta bukatar maɓalli ko ɗaya, kuma tana fita daidai. In ka neme ta a gajeruwa sai ka sauko mata daga mataki na 5, wanda a halittarsa ya gaza ma'aunin piyano da misalin kashi 14 cikin 100 na rabin taki, sai ta fito a ɗan kwance.

A ƙasa da gadar ma doguwar hanya ta fi sauƙi ga mai koyo. Daga C ta tsakiya zuwa G, muryoyi 5 na farkon darasi, yatsa ɗaya ne ya ke aiki: a saki, a danna na 1, a saki, a danna na 1, a saki. A gajeruwa sai an haɗa 1 da 2, a koma 2, a saki, a koma 1. Can ƙasa sosai kuma akwai muryoyi 5 da gajeruwar hanya ba ta da su sam, sai doguwa ce ke cike giɓin. Amma kafin a kai can, akwai wani ɗan yanki inda doguwa ta ke bukatar a danne maɓalli biyu ko uku lokaci guda, a nan gwanaye su kan sake komawa gajeruwa. Ashe ke nan sauyawar ba sau ɗaya ba ce, babban yatsa yana shiga yana fita gwargwadon inda waƙa ta bi.

Bari in tsaya kaɗan a kan wannan batu na danne maɓallai da yawa, domin a nan ne kunnen mai sauraro ya ke shan wahala a filin fareti. Don a saukar da murya da rabin taki sai an ƙara wa bututu kusan kashi 6 cikin 100 na tsawonsa. Bututu mai ƙafa 12 inci 144 ke nan. Bisa lissafi, lanƙwasar maɓalli na 2 za ta zama inci 8 da rabi, ta na 1 inci 17 da rabi, ta na 3 inci 27. Kowace an yanke ta ne daidai da uwar bututun ita kaɗai. In ka danne su duka ka ƙara inci 53, alhali saukar rabin taki 6 tana bukatar kusan inci 60. Abin da ya yi saura bai zo daga ko'ina ba, don haka muryar ta kan fito sama da inda ya kamata. Mai ƙaho mai hanya ɗaya ba shi da mafita sai ya gyara da leɓe da hannun dama. Mai hanya biyu yana da wata ƙofar. Ka'idar da za ka ba yaro ita ce, in murya ɗaya tana samuwa ta hanyoyi biyu, ya fara gwada wadda ta fi ƙarancin maɓallai, sa'an nan ya bar kunnensa ya yanke hukunci.

Na ce kunne, domin jadawali ba ya jin abin da sauran mabusa su ke yi. Muryar nan ta mataki na 5 da muka ce a kwance ta ke, in ta zo a tsakiyar muryoyi uku da a ke haɗawa su yi amo ɗaya, kwanciyar tata ita ce daidai, ita ce ke sa haɗin ya yi daɗi. In kuwa ita ce jagorar waƙa, sai a nemo ta da wasu yatsun. Haka nan in an zo wurin gudu, inda muryoyi su ke zubowa kamar ƙanƙara, mabushi mai hankali ba ya sauya hanya a tsakiyar gudun don kawai jadawali ya ce a sauya a G. Ya kan duba jimlar gaba ɗaya ya zaɓi hanyar da yatsu za su fi sakewa, ya zauna a kanta har ya fita. In kuma jimla ce mai taushi wadda a ke ja a hankali, kuma murya ɗaya ce kawai ta leƙa sama da gadar ta dawo, gara a bar ta a doguwa, don kada launin amon ya canza a tsakiyar magana kamar mutumin da ya fara zance da Sakkwatanci ya ƙarasa da Kananci. Akwai ma abubuwan da doguwar hanya aka fi yi da ita ko a sama. Kaɗa murya biyu da sauri da leɓe kawai yana yiwuwa ne saboda matakai na 8 da na 9 da na 10 suna kusa da juna, watau abin da ya ke aibu a wani wuri ya zama amfani a nan. Haka kuma in an toshe bakin ƙahon gaba ɗaya da hannu don a sami siririn amon nan mai kama da na zuma, muryar tana hawa da rabin taki cif a doguwar hanya, sai a rage da yatsa. A gajeruwa hawan ya fi rabin taki, bai kuma kai taki guda ba, babu yatsan da zai gyara shi.

Har yau manyan mabusa ba su daidaita a kan waɗannan abubuwa ba. Ƙungiyar makaɗan birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wadda tana cikin mafi suna a duniya, ta ƙi rabuwa da ƙaho mai hanya ɗaya ta F, ta gwammace ta ɗauki kasadar zamewa da ta rasa amon da ta gada. Dennis Brain na Ingila, wanda ya rasu a haɗarin mota cikin 1957 yana da shekara 36, ya fara da F, daga baya ya koma B-filat ita kaɗai, kuma babu wanda ya ce busarsa ta ragu. A Amurka Philip Farkas ya wallafa littafinsa na koyar da ƙahon cikin 1956, ɗalibai suna karanta shi har gobe. Kowane allazi da nasa amanu.

Nawa ra'ayin, tun da ka nema, shi ne ka hana yaro taɓa babban yatsa har tsawon zango guda na karatu. Na san wannan zai yi wa shugaban makaranta nauyi, domin shi so ya ke ranar bikin ba da kyaututtuka a ga sabon abin nan yana walƙiya yana kuma fitar da waƙa. Gajeruwar hanya tana ba da sakamako da wuri, gaskiya ne. Amma yaron da ya fara da ita ya kan saba da dogara ga yatsa, ba ya koyon jin murya a cikin kansa kafin ya hura ta, kuma amonsa ya kan fito siriri mai kaifi kamar na bigila. Wanda ya sha wuyar doguwar hanya, inda kuskure ba ya ɓuya, in aka buɗe masa gajeruwa daga baya sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Sannu ba ta hana zuwa. In lokacin ya yi, ka fara masa da muryoyin gadar nan 5. Ya riƙe C ta sama da dogon numfashi, yana danna babban yatsa yana saki, har sai kai da ka juya masa baya ka kasa gane lokacin da ya sauya. In muryar tana hawa ko sauka wajen sauyawar, to laifin ba nasa ba ne, sai a ja ko a tura bututun daidaitawa na ɗaya hanyar har su yi kai ɗaya.

Akwai wani tarko da ya kamata in gargaɗe ka a kansa. Abin da aka rubuta wa ƙahon nan ba shi ne abin da kunne ke ji ba. In ya busa C, abin da zai fito shi ne F da ke ƙasa, ko da wace hanya ya bi, domin takardar a kullum da lissafin F a ke rubuta ta. Saboda haka kada ka miƙa masa takardar mai bigila. Bugu da ƙari, tsofaffin takardun badujala irin na Ingila da suka cika akwatunan makarantunmu da na coci-coci, sau da yawa an rubuta sashen ƙaho ne don wani ƙaho daban mai E-filat. In irin wannan takarda ce a hannunka, sai ka sake rubuta kowace murya ka saukar da ita da taki guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yanzu. Tun daga ran 29 ga Mayu 2024, da aka sa hannu a dokar komawa ga taken ƙasa na 1960 aka ajiye wanda Ben Odiase, shugaban badujalar 'yan sanda, ya tsara wa kiɗa cikin 1978, kowace badujala a Nijeriya sai da ta nemo takardu ta sake zama koyo. Taken ƙasa kuwa ba wurin da a ke yafe ɓatacciyar murya ba ne.

Kada kuma ka yi tsammanin ƙahon zai yi tashe a fareti. Bakinsa baya ya ke kallo, an yi shi ne don amonsa ya bugi bango ya dawo a zaure. A fili, cikin ganguna, sai ya nutse, shi ya sa badujaloli da yawa su ke amfani da melofon mai kallon gaba in ana maci. Wurinsa shi ne ɗakin taro, inda zai cike tsakanin muryar bigila da ta manyan ƙahonin ƙasa. Ranar 1 ga Oktoba, wadda a Nasarawa biki biyu ne, na 'yancin ƙasa da na ƙirƙiro jihar cikin 1996, ka sa shi a zaune in an zo taken ƙasa, ka ga bambancin da zai kawo.

Sauran kula ne. Bawul ɗinsa juyawa ya ke yi, kuma a yawancinsu zare ne ya haɗa shi da maɓalli. In ya tsinke, zaren kamun kifi mai kitso yana maye gurbinsa. Mai kuwa sai nasa na musamman, ko a ƙalla siririn mai irin na keken ɗinki a wuraren juyawa na waje. Kada a kusance shi da man gyaɗa ko baƙin mai. Ruwan da ke taruwa a ciki tururin numfashi ne, a riƙa zare bututun ana zubarwa, har da na hanyar da ba a busa ba. Ƙurar hunturu tana cin bawul, zafin Lafiya na watan Maris kuma yana ɗaga muryar kowane abin busa, saboda haka daidaitawar da aka yi da sanyin safiya ba za ta kai azahar ba.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun da na fara wannan rubutu. Muna neman yaran da za su koyi sarrafa leɓe da riƙe numfashi, alhali a bayan fadojinmu akwai gidajen da suka gaji wannan aiki kaka da kakanni. Ɗan mai algaita ya iya shaƙar iska ta hanci yana hurawa da kumatu ba tare da amo ya yanke ba, dabarar da ɗaliban manyan makarantun kiɗa na Turai su ke shan wahala kafin su samu. Ɗan mai kakaki ya san yadda a ke cika dogon bututu da iska tun kafin ya san baƙi da wasali. Amma mun raba abin gida biyu. Busar fada mun bar ta ga masu gado, muna kallonta a matsayin roƙo, busar makaranta kuma mun ba ta inifom. Makarantar MUSON da ke Legas, wadda ƙungiyarta ta kafu cikin 1983, da sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka da ya fara tun 1961, sun yaye mabusa da yawa, amma Lafiya da Legas akwai tafiya.

Abin da ke hannunka shi ne ka nemi izini a fada, ta hanyar da ta dace, a aiko maka ɗaya daga cikin mabusan Sarki ya zo makaranta ko da sau ɗaya a zango. Ya nuna wa yara yadda ya ke tsayawa, da inda ya ke ɗauko numfashi, da yadda ya ke tsallakawa daga muryar ƙasa zuwa ta sama ba tare da ya taɓa kome ba. A yi masa sallama ta mutunci, irin wadda a ke yi wa malami. Sa'an nan ka miƙa wa yaro ƙahon, ka ce ya saki maɓallai duka, ya nemo mataki na 2 da na 3 a doguwar hanya, waɗanda tazararsu ita ce ta muryoyin nan biyu da ya ji yanzu. Darasinsa na farko ke nan, na biyu kuma ya hau zuwa mataki na 4 da na 5 da na 6, har yanzu ba tare da yatsa ba.

Masu irin wannan aiki a makarantun Keffi da Akwanga da Doma da sauran wurare, in akwai wani abin busa da ya gagare ku, ku rubuto. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.